Hayaƙin Bayan Labule

Da la'asar aka kawo shi. Uwar tana kan keken ɗinki a uwar ɗaka ta ji wani ruri daga bakin titi, irin wanda yake fara shiga ƙirji kafin ya kai kunne. Jaririn da ke goye a bayanta ya zabura ya tsala kuka. 'Yar Baba, wadda take kwance rubda ciki a falo tana zane da guntun fensir, ta saki fensirin ta toshe kunnuwa.

Kafin uwar ta kai ƙofa tsakar gidan hayar ya cika da mutane. A tsakiyarsu maigidanta ne, a kan wani ƙaton babur ja irin na tsere, ƙirjinsa kwance a kan tanki, yatsun ƙafarsa da ƙyar suke taɓa ƙasa. Ya cire hular kwano, bakinsa har kunne.

"Maman yara, fito ki gai da baƙo."

"Na wane ne?"

"Na dillali ne tukuna. Ya ce in riƙe in ɗana. In ya kwanta mini a rai sai mu yi musaya da Jaki, in yi ciko."

Jaki shi ne ƙaramin babur ɗinsu, mai doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya da kariya ta ɗora kaya a baya. Shi yake kai maigidan shagonsa na gyaran waya a kasuwa, shi yake kwashe su su huɗu in za su unguwa: 'Yar Baba a gaba, uban a tsakiya, uwar a baya da goyonta. A zaure yake kwana ɗaure da sarƙa, tare da baburan sauran 'yan haya.

"To ina Jakin?"

"Yana wurin dillali. Ai ba a ba ka kayan mutane haka kawai, sai ka ajiye wani abu."

"Wannan kuma ina zai kwana?"

Ya dai kalli ƙofar falo, ita ma ta bi idonsa da kallo.

Ɗaki biyu suke da shi, ciki da falo, kuma babu ƙyaure a tsakaninsu sai labule. A falon 'Yar Baba take kwana. Aka fitar da kujera ɗaya aka jingine a baranda, aka naɗe katifar yarinyar don ta koma kwana a uwar ɗaka, aka ɗora katako a kan dokin ƙofa. Maƙwabta biyu suka kama masa, suna nishi suna tsokanarsa cewa ya sayo saniya ya ce babur ne. Da baya suka shigar da shi, don kansa ya fuskanci ƙofa, ya zama da safe fita kawai zai yi. Da suka gama, gaban babur ɗin yana kallon tsakar gida, bakin salansarsa kuma yana kallon labulen uwar ɗaka, tazarar da ba ta fi taku ɗaya ba.

Injin yana ta ƙas-ƙas yana hucewa. Falon ya ɗauki zafi da warin fetur.

"Baban yara," in ji ta a hankali, bayan mutane sun watse, "ka san ƙirjin yarinyar nan."

"Na sani mana. Kwana biyu ne kawai. Wannan ba a barinsa a zaure, ko madubinsa aka cire na shiga uku da dillali."

Ya sani ɗin kuwa. Tun 'Yar Baba tana shekara biyu likita ya ce asma gare ta, a raba ta da hayaƙi. Uwar ta daina girki da gawayi, ta daina turare ko na jiki. Shi kansa uban ne ya tattara maganin sauro na kunnawa ya watsa a bola, ya sayo gidan sauro, ya tsaya a tsakar gida ya yi wa wani maƙwabci faɗa a kan sigari har sai da aka shiga tsakaninsu. Yanzu shekarar yarinyar biyar, kuma rabon da ciwon ya tashi sosai an daɗe. Abin shaƙar maganinta yana cikin aljihun keken ɗinki, har ya fara yin ƙura.

Washegari da sassafe uwar ta ga abin da take tsoro. Babur ɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya tura shi ya haye katako. Sai an tayar da shi a cikin falon, a hau, a fita da ƙarfin inji. Kuma dillali ya ja kunne cewa irin wannan injin ba a tashinsa a tafi da sanyinsa, sai ya ɗumama. Maigidan ya danna maɓalli. Kwanukan da ke jere a kan kantar falo suka hau rawa. Ya tsaya a gefe yana murza totur kaɗan-kaɗan, ya karkatar da kai yana saurare kamar mai jin waƙa. Labulen uwar ɗaka yana kumbura yana saɓewa da kowace murzawa.

A kan gado 'Yar Baba ta tashi zaune ta fara tari.

"Ka kashe, ka kashe mana," uwar ta ce daga bayan labule.

"Me kika ce?"

"Hayaƙi yana shigo mana."

"Wane hayaƙi? Leƙo ki gani. Wannan ai ba Jaki ba ne, ba ya hayaƙi ko kaɗan. Inji ne mai tsafta."

Gaskiya ne ido ba ya ganin komai. Amma maƙogwaro yana ji, idon jaririn ma ya yi ja. Da ya fita, ta buɗe ƙofa da tagar falo, ta ɗauki faifai tana kore iskar. Tagar uwar ɗaka ƙarama ce, kuma bangon maƙwabta ya tokare ta, iska ba ta ratsawa. Ta buɗe aljihun keke ta goge ƙurar abin shaƙa.

Uwar ba mai yawan magana ba ce, mai neman dabara ce. Ta ɗinka labule mai kauri da tsohon bargo ta ƙara a kan na da. Ta jiƙa tawul tana toshe ƙasan labulen da shi. Ta roƙe shi ya juya babur ɗin, salansar ta kalli ƙofa, ya ce to da baya zai fita ke nan, so take ya faɗi da kayan mutane? Ta ce ya nemi maƙwabta su riƙa tura masa waje kafin ya tayar, ya ce shi ba zai riƙa buga wa magidanta ƙofa kullum da asuba ba, kuma matar mai gidan hayar ta riga ta yi ƙorafin ƙara, in ya ɗumama shi a tsakar gida notis za a ba su. Ta ce akwai mai gadin shaguna a bakin titi da ake bar wa ababen hawa, ya yi dariya ya ce wannan tsohon da barci yake kwashewa tun kafin a rufe shaguna?

Kowace magana ta kawo, yana da amsarta a shirye, kuma ba da faɗa yake ba ta ba. Da murmushi yake ba ta, yana goge tanki da tsumma.

Sai ta koma fitar da yaran. Da ta ji ya ɗauki makulli sai ta saɓa jariri a baya, ta naɗe 'Yar Baba a zane, su fita can ƙarshen tsakar gida kusa da famfo su tsaya har ya tafi. Amma warin ba ya bin sa ya tafi. Yana cikin katifa, yana cikin kayan makarantar yarinyar, yana cikin yadin mutane da ta karɓa ɗinki, har wata mata ta shinshina rigarta ta tambaya ko a gareji aka ɗinka. Da yamma kuma babur ɗin ya dawo da zafinsa ya kwana yana huci.

Kwana biyun dillali suka zama mako, makon ya haifi wani. Tarin 'Yar Baba ya sauka daga maƙogwaro ya koma ƙirji. Ta daina gudu in an tashi daga makaranta. Ta daina cinye abincinta, sai ta ci loma kaɗan ta ture, ta ce in ta ci numfashinta ba ya samun wuri. Malamarsu ta aiko cewa tana yawan kifa kai a kan tebur. In tana barci, uwar takan sa kunne a bayanta ta ji wani siririn fito yana fita tare da numfashin, ramin wuyanta yana lotsawa yana tasowa.

Ta kai ta ƙaramin asibitin unguwa. Da Jaki yana nan da tafiyar minti kaɗan ce. A ƙafa suka je, suna tafiya suna hutawa a inuwar shaguna. Nas ɗin ta sa abin awo a ƙirjin yarinyar, ta ɗago ta kalli uwar.

"Me ya canza a gidanku?"

Uwar ta faɗa mata.

"A cikin ɗaki? Ki ce wa babanta ya fitar da shi yau, ba gobe ba."

Ta faɗa masa da yamma, kalma bisa kalma. Yana tsugune yana shafa wa sarƙar babur ɗin mai da tsohon buroshin haƙori.

"Su nas ai komai ka ce musu shi za su kama. Da kin ce mun sayi kyanwa, da kyanwar za su ce. Yarinyar nan tun tana ƙarama take tarinta, lokacin akwai wannan babur ɗin? Canjin yanayi ne, yara nawa ke tari a layin nan?"

"Nata ba irin nasu ba ne."

"To na ji. Bari in gama yanke shawara. In na saya, zan sa a yi masa keji na ƙarfe a waje. Ba zan kashe kuɗin keji a kan abin da ban saya ba."

"In kuma ba ka saya ba?"

"Sai ya koma inda ya fito. Kin ga ko ta ina kin huta."

"Yaushe za ka yanke?"

"Ke dai kin cika gaggawa. Irin wannan abu ba a yi masa garaje."

Ba wai ba ya son 'yarsa ba ne, kuma wannan ne ya fi ci wa uwar rai. Shi ya sa mata suna 'Yar Baba. Kullum sai ya dawo mata da wani abu a aljihu, ko alewa ko balan-balan. Ran nan ya ɗaga ta ya ɗora a kan tanki, ya kifa mata hular kwano da ta rufe ta har kafaɗa, ya ɗauki hoto yana dariya. Da ya cire hular, yarinyar ta ce, "Baba, in ya yi kuka ƙirjina ma sai ya yi kuka."

"Gaisawa suke yi," in ji shi, ya lakaci hancinta. Balan-balan ɗin da ya kawo mata ranar, ta sa a baki ta kasa hura shi. Ta miƙa wa uwarta ta ce ta ajiye mata sai ta warke.

Uwar ta aika wa surukarta, tana ganin ko maganar uwa za ta shiga inda tata ta kasa. Tsohuwar ta zo da hantsi, ta raɓa ta gefen babur ɗin tana tattare zaninta, ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Ikon Allah. Wannan duk na ɗana ne?"

"Bai saya ba tukuna, Inna. Shi ya sa na ce ki zo."

Tsohuwar ta zauna a bakin gado, ta karɓi jaririn tana ce masa maigidana ka ƙi zuwa gaishe ni, sannan ta jawo 'Yar Baba ta taɓa goshinta. Ta saurari bayanin surukarta har ƙarshe, tana gyaɗa kai.

"'Yar nan, na ji an ce kullum da sassafe kina fitar da ita bakin famfo."

"Saboda hayaƙin ne, Inna."

"Yarinya mai ciwon ƙirji, a sanyin safiya, a wurin danshi? To ai ga ciwon nan kin faɗa da bakinki. Ku yaran yanzu sai ku yi abu da hannunku ku ɗora wa wani."

"Nas ta ce..."

"Mu da muka raini yara a ɗakin da ake hura itace, wanne ne ya mutu? Shi uban nata a hayaƙi ya girma, ga shi nan ƙato. Ki bar yaron nan ya ji daɗin guminsa. Ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza, daga shago sai gida. Abu ɗaya da ransa yake so a duniya shi ne za ki sa masa ido? Wasu matan addu'a suke mijinsu ya shigo da abin da za a nuna su da shi."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wani man shafawa mai yaji, ta ce a riƙa murza wa yarinyar a ƙirji, a kuma daina fitar da ita. Da yamma ta maimaita wa ɗanta maganar famfo. Daga ranar ya samu sabuwar amsa, kuma ta bakin mahaifiyarsa ta fito.

Ranar hutu abokansa suka zo, su uku, kowa da irin nasa babur, tare da dillalin, wani mai ƙaton agogo da baki kamar an shafa masa zuma. Suka cika falo, wasu a tsaye don babu kujera. Uwar tana bayan labule da yaran, tana jin komai.

"Kai har yanzu tunani kake? Mutum ya hau wannan kuma ya koma kan Jaki? Ai ko yaran layi sai sun yi maka dariya."

"Jiya a babban titi na ga ya wuce wata mota kamar tana tsaye."

"Ni ba na matsa wa kowa," in ji dillalin. "Amma akwai wani da yake ta kirana a kansa. Don dai kai nawa ne. Jakin naka ma na samu mai so."

"Tayar mana mu ji muryarsa."

Uwar ta ɗaga labule. "Don Allah ku yi haƙuri, yarinya ba ta da lafiya."

Ɗayansu ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Madam," yana kallon ƙasa. Wani ya yi ƙasa da murya, amma ta ji shi: "Ashe da izini ake tayarwa." Aka yi 'yar dariya. Maigidan bai kalle ta ba. Kunnuwansa kawai ta ga sun motsa. Ya danna maɓallin, ya murza totur har ƙarshe, sau ɗaya, sannan ya kashe.

Da suka tafi ya ce mata, "Kada ki ƙara yi mini haka a gaban mutane."

Safiyar da abin ya faru ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Yarinyar ta kwana a zaune, jingine da ƙirjin uwarta, don in ta kwanta numfashin ba ya zuwa. Uwar ta ji ƙarar makulli ta fito da sauri.

"Yau kam kada ka tayar. Ba inda zan kai su, ka ga ruwa. Ka hau mota."

"Wayoyin mutane suna jirana a shago. Minti ɗaya ne, ba zan ma bari ya ɗumama sosai ba."

"Baban yara, ka shiga ka dube ta tukuna."

"In na dawo zan taho da magani."

An rufe taga saboda feshin ruwa. Ya tayar. Da yake gari da sanyi injin ya yi ta tari yana mutuwa, ya sake tayarwa, ya riƙe totur don kada ya mutu. Minti ɗayan ya miƙe.

Uwar ta koma ciki ta tarar yarinyar ta dafa gado da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka, bakinta a buɗe. Fiton nan ma ya ɗauke. Ta girgiza abin shaƙa ta sa mata, ta danna, ta sake dannawa. Iskar da za ta ja maganin ciki ita ce babu. Leɓunan yarinyar suka fara komawa kalar toka. Idanunta suna kan uwarta, ba ta kuka, don kuka ma sai da numfashi.

Ta sunkuce ta ta fito, ta kai hannu ta murɗe makullin babur ɗin da kanta. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga fuskar 'yarsa.

"Hau, hau mu tafi," ya ce. Ya sake tayarwa ya fitar da shi cikin ruwan.

A nan tsakar gida ta tsaya, goyo a baya, yarinya a hannu, tana kallon inda ya ce ta hau. Kujerar bayan ba ta fi tafin hannu biyu ba, a can sama take kamar wutsiyar kunama, ga santsin ruwa. Babu kariya, babu abin riƙewa. Wurin sa ƙafa yana kusa da kujerar, sai mutum ya naɗe gwiwa har ƙirji ya rungume direba da hannu biyu. Ita hannayenta biyu suna ɗauke da 'yarta. Ta ɗaga ƙafa ta gwada, zaninta ya riƙe ta, ta zame, saura kaɗan su zube su uku.

"Miƙo ta nan gaba."

Ya karɓe ta ya ɗora a kan tanki, inda take zama a kan Jaki. Amma wannan tankin tudu ne, kuma shi sai ya kwanta a kansa kafin hannunsa ya kai kan babur ɗin. Yarinyar ta sulale gefe kamar tsumma. Uwar ta cafe ta.

Babur ɗin da ya fi kowane gudu a unguwar yana tsaye yana ruri, ruwa yana sauka a kan jan fentinsa, bai iya ɗaukar yarinya 'yar shekara biyar zuwa asibiti ba.

Uwar ta rungume yarinyar. Ta fita titi da gudu ba takalmi. Motar da ke raba burodi tana tsaye a ƙofar shagon kusa da su. Direban ya kalle ta sau ɗaya, ya ture kwandunan da ke kujerar gaba, ya ce, "Shigo, Baiwar Allah." Har suka isa tana hura wa yarinyar iska a fuska tana kiran ta, motar tana tafiya a hankali cikin ruwa da cunkoso.

Ya riga su isa babban asibiti nesa ba kusa ba. Yana tsaye a bakin ƙofa jiƙe sharkaf, ya ajiye babur ɗin a ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya taɓa shi.

Aka karɓe ta da gudu, aka sa mata abin iska a fuska, aka ɗaura ruwa. Sai bayan azahar launin leɓunanta ya dawo. Likitar, wata mace mai furfura a gaban goshi, ta kira su gefe.

"Da kun ƙara jinkiri kaɗan da wani zancen ake yi. Akwai mai shan sigari a gidan?"

"Babu," in ji uban da sauri. "Ni ko warinta ba na so."

"Gawayi? Maganin sauro? Janareta kusa da taga?"

"Duk na hana. Ni da kaina na zubar da su. Sanyi ne, Likita, ana yawan fitar da ita da safe."

Uwar ta kalle shi. Idonsa ya yi ja, da gaske ya yi kuka a baranda, ta gan shi. Kuma da gaske yake faɗar abin da yake faɗa.

"Akwai babur a falonmu," ta ce. "A ciki yake kwana, a ciki ake tayar da shi kullum. Salansarsa tana kallon inda take barci."

Likitar ta ajiye biro. Ta ce masa yarinyar nan ba za ta koma ɗakin da ake tayar da inji ba, in kuma ta koma, kada ya yi tsammanin za a sake samun sa'a irin ta yau. Ya ce to, in Allah ya yarda. Ya ce ai dama yana shirin yin keji.

Kwanakin da suka yi a asibiti kullum yana zuwa, da lemo da ayaba. Uwar ba ta tambaye shi komai ba, tana jira ya faɗa da kansa. Ranar da za a sallame su ya zo tare da mahaifiyarsa, su biyun da fuskar waɗanda suka gama shawara tun a hanya.

"Mun yi magana da Inna," in ji shi. "Tunda Likita ta ce iskar gidanmu ba ta karɓe ta ba, sai ta koma wurin Inna ta ɗan zauna. Can akwai fili, akwai bishiya."

"Ni ma na samu 'yar aike," in ji tsohuwar, tana shafa kan yarinyar. "Ko ba haka ba, ƙawata?"

"Makarantarta fa?" in ji uwar.

"Akwai wata a can."

"Babur ɗin fa?"

Ya sosa ƙeya. "Dillali ya matsa, kuma ya riga ya sayar da Jaki. In na mayar da wannan da me zan riƙa zuwa shago? Na kammala da shi shekaranjiya. Kejin kuma mai gidan haya ya ce ba a yi masa gini a tsakar gida, amma ina lallaɓa shi."

Shekaranjiya yarinyar tana kwance da abin iska a fuska. Uwar ta lissafa wannan a ranta. Ba ta da inda za ta kai 'yarta a ranar da ya wuce gidan tsohuwar, kuma ko ba komai can babu inji. Ta haɗa magungunan a leda, ta nuna wa surukarta yadda ake girgiza abin shaƙa da yadda ake dannawa, sau uku tana maimaitawa, tsohuwar tana cewa ta gane, idonta yana wani wuri. 'Yar Baba ta riƙe gefen zanin uwarta.

"Mama, laifi na yi?"

"Ba ki yi komai ba."

"To me ya sa shi zai zauna a gida ni in tafi?"

Uban ya duba wayarsa.

Haka aka raba gardamar. Gidan yana da ɗaki biyu, an auna an ga ba zai ɗauki yarinya da babur ba, sai aka fitar da wanda ya fi sauƙin ɗauka. Ba a kore ta ba, kowa zai rantse. Hutu ta je, wurin kakarta, don lafiyarta. Maƙwabta suka ce uban ya yi dabara. Abokansa suka zo suka taya shi murna, suka ce yanzu ya shigo sahun manya.

Uwar ta koma gida ta tattara sauran kayan yarinyar a jaka. A aljihun keken ɗinki, inda abin shaƙa yake zama, ta ga balan-balan ɗin nan da aka ba ta ajiya. Ta sa shi cikin jakar. Da ta zo cire labulen bargon don ta wanke, ta ga daidai inda bakin salansa yake kallo ya yi wani baƙin tabo mai maiƙo, faɗinsa kamar faranti. Injin mai tsafta ne ya yi shi, a hankali, kullum da safe. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta wanke ba, ta mayar ta rataye. Sannan ta ɗauko wata jakar ta fara zuba kayan jariri da nata, ta tura ƙarƙashin gado.

Da safe ya ɗauki makulli. Ya tayar, ya tsaya a gefe yana murza totur, kansa a karkace. Labulen yana kumbura yana saɓewa. Ya ɗaga murya don ta ji shi.

"Kin gani ko, Maman yara? Hankalin kowa ya kwanta. Yanzu ba mai tari a gidan nan."

A bayanta jaririn ya motsa. Ya yi tari sau ɗaya, ƙarami, busasshe, irin wanda in ba a jikinka yake ba ba za ka ji shi cikin wannan ruri ba. Uban bai ji ba.

Ta ƙara ɗaure goyon, ta sunkuya ta jawo jakar daga ƙarƙashin gado. Ta raɓa ta gefen babur ɗin, zafin salansar yana dukan ƙafarta, ta taka katakon da ke kan dokin ƙofa ta fita. Yana ta kiranta yana tambayar ina za ta da sassafe haka, amma bai kashe injin ba, don bai gama ɗumama ba.